Tarihin Koyarwa Daga Nesa a Nijeriya da Darasin da Annobar Korona ta Bar wa Malamai

1.0 GABATARWA

A ranar 27 ga watan Fabrairu na shekarar 2020 ne aka tabbatar da ɓullar cutar korona a Nijeriya, a jikin wani ɗan ƙasar Italiya da ya sauka a Legas. Ranar 11 ga Maris Hukumar Lafiya ta Duniya ta ayyana cutar a matsayin annobar da ta game duniya. Bayan kwana takwas, wato ranar 19 ga Maris, Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya ta ba da umarnin a rufe makarantu, gwamnatocin jihohi ma suka rufe nasu a 'yan kwanakin. Ta haka aka wayi gari miliyoyin yara suna zaune a gida, malamansu kuwa ana bukatar su ci gaba da koyarwa alhali babu aji, babu allo, babu alli.

Mutane da dama sun ɗauka cewa a wannan shekara ce ƙasar nan ta fara sanin wani abu wai shi koyarwa daga nesa. Tarihi bai goyi bayan wannan zato ba. Masu iya magana kan ce waiwaye adon tafiya. Saboda haka wannan takarda za ta bi sawun koyarwa daga nesa tun daga zamanin karatu ta hanyar wasiƙa, ta ratso zamanin rediyo da talabijin, har zuwa shigowar kwamfuta da wayar salula. Daga nan za a duba halin da malamai suka sami kansu a shekarar 2020, musamman malaman Hausa, sannan a kawo shawarwari ga masu tsara manhaja. Tambayar da takardar ke son amsawa ita ce: me ya sa ƙasar da ta shafe shekaru masu yawa tana horar da malamanta daga nesa, ta wayi gari malaman nan ba su san yadda za su koyar da ɗalibansu daga nesa ba?

1.1 Ma'anar Wasu Kalmomi

Koyarwa daga nesa ita ce duk wata koyarwa da ake gudanarwa ba tare da malami da ɗalibi sun haɗu a wuri ɗaya ba, ko ta takarda ce, ko ta rediyo, ko ta talabijin, ko ta intanet. Ƙwarewar fasahar zamani kuwa, a wannan takarda, ta ƙunshi abubuwa uku: iya sarrafa na'ura, da iya shirya darasin da ya dace da na'urar, da iya auna fahimtar ɗalibin da ba a ganinsa. Ya kamata kuma a lura cewa kalmar "manhaja" ta sami ma'ana biyu a Hausar yau. Malaman makaranta sun san ta da ma'anar tsarin abin da za a koyar, kafofin watsa labarai kuwa suna amfani da ita wajen ambaton irin su WhatsApp da Zoom. A nan, duk inda aka ce manhaja kawai, ma'anar farko ake nufi. Ta biyun kuwa za a kira ta manhajar waya.

2.0 ZAMANIN WASIƘA, REDIYO DA TALABIJIN

Tun zamanin mulkin mallaka, kafin a buɗe Kwalejin Jami'a ta Ibadan a shekarar 1948, 'yan Nijeriya masu ƙishin ilimi sun kasance suna karatu ta hanyar wasiƙa da makarantun Ingila irin su Wolsey Hall da Rapid Results College, domin su zauna jarrabawar Jami'ar Landan. Da yawa daga cikinsu malaman makaranta ne da akawuna. Akan aiko musu da darasi ta gidan waya, su yi aikin, su mayar, a duba a dawo musu da shi bayan makonni. Duk da jinkirin da ke cikin wannan hanya, tana da abu guda mai muhimmanci: ɗalibi yana samun gyara daga malaminsa.

Rediyo ya kawo sauri, amma ya zo da naƙasu ta wannan fuska, domin malami na magana ne ba ya jin amsa. An kafa hukumar watsa labarai ta ƙasa a 1951, aka sake mata fasali a 1957. A ranar 31 ga Oktoba 1959 gwamnatin Jihar Yamma, ƙarƙashin Cif Obafemi Awolowo, ta buɗe gidan talabijin a Ibadan, kuma ilmantar da jama'a na daga cikin manyan dalilan da aka bayar na kafa shi. A 1962 gwamnatin Jihar Arewa ta buɗe gidan Rediyo da Talabijin na Kaduna. Jihohin sun riƙa watsa darussa na musamman domin makarantu, inda malamin aji kan kunna akwatin rediyo a lokacin da aka tsara, yara su saurara, bayan an gama ya yi musu ƙarin bayani. A shekarar 1977 aka tattara irin waɗannan ayyuka a ƙarƙashin Cibiyar Fasahar Koyarwa ta Ƙasa da ke Kaduna.

Maƙwabtanmu ma sun gwada. A shekarar 1964 Jamhuriyar Nijar, da taimakon Faransa, ta fara koyar da yaran firamare ta talabijin a yankin Yamai. Ƙwararru ne ke shirya darasin a ɗakin watsa shiri, a cikin aji kuwa akan ajiye mai kula wanda bai yi dogon horo ba. Ƙasar Kwaddibuwa ta faɗaɗa irin wannan tsari tun daga 1971, amma a farkon shekarun 1980 ta yi watsi da shi, saboda tsadarsa da kuma rashin goyon bayan malamai da iyaye. Abin da aka koya daga waɗannan gwaje-gwaje shi ne, duk shirin da ya mayar da malami ɗan kallo, ya ɗora na'ura a kan kujerarsa, ba ya daɗewa.

Wani salo da ya yi ƙoƙarin gyara wannan shi ne wanda aka fara a ƙasar Nikaraguwa a tsakiyar shekarun 1970 wajen koyar da lissafi. A wannan salo mai gabatarwa kan yi tambaya, ya dakata na 'yan daƙiƙoƙi domin yara su amsa da baki ko su rubuta, sannan ya faɗi amsar. Malamin aji shi ke jagorantar amsawar. A Nijeriya, Hukumar Ilimin Makiyaya ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1989, tana cikin waɗanda suka rungumi rediyo sosai, domin ɗalibanta ba mazauna wuri ɗaya ba ne. Shirinta na "Don Makiyaya a Ruga" a Rediyon Tarayya na Kaduna shaida ne cewa ana iya ilmantarwa daga nesa cikin harshen da mai sauraro yake ji.

3.0 HORAR DA MALAMAI DAGA NESA

A watan Satumba na 1976 aka ƙaddamar da shirin ba da ilimin firamare kyauta ga kowa, wanda aka fi sani da UPE. An yi hasashen yara kimanin miliyan 2.3 ne za su shiga aji ɗaya, sai ga kusan miliyan 3 sun bayyana. Malaman da ake da su ba su isa ba, don haka aka ɗebi mutane da yawa marasa takardar shaidar koyarwa aka ba su azuzuwa. Ba zai yiwu a kwashe su a mayar da su kwaleji ba, domin yin haka zai bar makarantu babu kowa.

Wannan matsala ce ta haifar da Cibiyar Horar da Malamai ta Ƙasa da ke Kaduna, wato NTI, wadda aka kafa a 1976, aka kuma ba ta ƙarfin doka a 1978. Hanyarta ita ce a rubuta darussa a ƙananan littattafai yadda mutum zai iya karantawa shi kaɗai ya fahimta, a raba wa malamai, su riƙa haɗuwa da masu koyar da su a ƙarshen mako da lokutan hutu. Ta wannan hanya malamai masu ɗimbin yawa suka sami takardar shaidar malanta mai daraja ta biyu, kuma daga 1990 aka fara ba da takardar NCE, wadda daga baya ta zama mafi ƙarancin shaidar da ake bukata kafin mutum ya koyar. A ɓangaren jami'a kuwa, an kafa Buɗaɗɗiyar Jami'a ta Ƙasa a 1983 zamanin Shugaba Shehu Shagari, gwamnatin soja ta dakatar da ita a 1984, sai a 2002 aka farfaɗo da ita.

A nan ne amsar tambayarmu ta fara bayyana. A duk waɗannan shirye-shirye, malamin makaranta mai karɓa ne. Wasu ƙwararru 'yan ƙalilan a Kaduna ko Legas ne ke rubuta darasin, su ne suka san yadda ake rarraba bayani gunduwa-gunduwa, da yadda ake saka tambayoyin auna kai a ƙarshen kowane kashi. Malamin da ya ci moriyar shirin ya koyi darasin da ke cikin littafin, amma ba a koya masa yadda aka gina littafin ba. Manhajar kwalejojin ilimi ma ta ɗauka cewa har abada malami zai kasance tsaye ne a gaban ɗalibansa.

4.0 SHIGOWAR KWAMFUTA DA WAYAR SALULA

A shekarar 1988, lokacin da Farfesa Jibril Aminu yake ministan ilimi, aka fito da manufar ƙasa a kan koyar da ilimin kwamfuta, aka fara gwaji a wasu kwalejojin gwamnatin tarayya. A wannan shekara ce kuma aka kafa Hukumar Bincike da Bunƙasa Ilimi ta Ƙasa, wato NERDC, mai alhakin tsara manhaja. Sai dai a wancan lokaci kwamfuta abu ce mai tsadar gaske, kuma layukan tarho a faɗin ƙasar ba su kai rabin miliyan ba har zuwa ƙarshen ƙarnin.

Shekarar 2001 ce ta sauya al'amura. A cikinta aka yi gwanjon lasisin wayar salula, kamfanoni suka fara aiki a watan Agusta, aka kuma kafa Hukumar Bunƙasa Fasahar Sadarwa ta Ƙasa, wato NITDA. Cikin 'yan shekaru waya ta shiga hannun malamin ƙauye. Da aka fara aiki da manhajar ilimin bai-ɗaya ta shekara tara a 2008, an saka ilimin kwamfuta a ciki. A 2010 aka fitar da manufar ƙasa a kan amfani da fasahar sadarwa a harkar ilimi, aka sake bitarta a 2019. Hukumar shirya jarrabawar shiga jami'a, JAMB, ta fara jarrabawa da kwamfuta a 2013, ta koma kanta gaba ɗaya a 2015. Hukumar rajistar malamai, TRCN, ita ma ta fara jarrabawar tantance malamai da kwamfuta a 2017. An kuma yi gwaje-gwajen raba na'urori: a 2007 an raba wa yaran wata firamare a Galadima, gefen Abuja, ƙananan kwamfutoci, a 2013 Jihar Osun ta raba wa ɗaliban babbar sakandare allunan kwamfuta masu ɗauke da littattafai, a 2018 Jihar Edo ta fara ba malaman firamare irin waɗannan alluna ɗauke da tsarin darasi.

Idan aka dubi wannan jeri za a ga kamar an shirya. Amma akwai giɓi guda uku. Na farko, an ɗauki kwamfuta a matsayin darasi mai zaman kansa, da malaminsa da ɗakinsa, maimakon kayan aikin kowane malami. Malamin Hausa ko na tarihi bai ga abin da ya haɗa shi da ɗakin kwamfuta ba, wanda sau da yawa a kulle yake saboda rashin wuta ko tsoron ɓarayi. Na biyu, yawancin bitar da aka yi wa malamai ta 'yan kwanaki ce, kuma ta tsaya ne ga kunna na'ura da buga takarda. Bayan an raba takardun shaida, ba wanda ke bin malami zuwa makarantarsa ya ga ko ya yi aiki da abin da ya koya. Na uku, an fi kashe kuɗi a kan sayen kaya fiye da gina mutum, domin kaya ake iya nunawa ranar ƙaddamarwa.

An ma sami gargaɗi. A watan Yuli na 2014 cutar Ebola ta shigo Legas, ministan ilimi na lokacin, Malam Ibrahim Shekarau, ya sanar da ɗage komawa makaranta zuwa 13 ga Oktoba, daga baya aka dawo da ranar zuwa 22 ga Satumba. An umarci makarantu su tura ma'aikata a koya musu gane alamomin cutar. Hakan ya dace, sai dai ba a yi tanadin yadda karatu zai ci gaba ba idan da rufewar ta yi tsawo. Da yake an shawo kan cutar cikin wata uku, sai aka manta da batun.

5.0 SHEKARAR 2020

Hukumar UNESCO ta ƙiyasta cewa a watan Afrilu na 2020 ɗalibai fiye da biliyan ɗaya da rabi ne rufe makarantu ya shafa a duniya. A Nijeriya an ba da umarnin kulle Legas da Ogun da Abuja daga 30 ga Maris, Kano ta bi baya a tsakiyar Afrilu. Jami'o'in gwamnati kuwa matsalarsu ta zama biyu, domin ƙungiyar malamansu, ASUU, ta shiga yajin aikin sai-baba-ta-gani a watan Maris, ba ta janye ba sai 23 ga Disamba.

Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya ta fito da shirin koyo daga gida, ta ɗora darussa a intanet. Jihohi da yawa, ciki har da Legas da Ogun da Kaduna da Kano, sun koma ga tsohon abokin tafiya, wato rediyo da talabijin, inda aka fi ba da ƙarfi ga ɗaliban da ke shirin jarrabawar fita. Jihar Edo ta yi amfani da WhatsApp wajen aika wa iyaye darussa. Makarantun kuɗi na manyan birane suka koma Zoom da Google Classroom.

Sai dai ba a fafe gora ranar tafiya. Bankin Duniya ya ƙiyasta cewa kimanin mutum miliyan 85 a ƙasar nan ba su da wutar lantarki ta gwamnati a wannan lokaci. A gidaje da yawa waya ɗaya ce, tana hannun maigida, shi kuwa yana wajen nema. Kuɗin data ya zama ƙarin nauyi ga iyalin da kullen ya tsayar wa sana'a. 'Ya'ya mata da dama aikin gida da talla sun cinye musu lokacin sauraron darasi. Dama kafin annobar, UNICEF ta ƙiyasta yara miliyan 10.5 ba sa zuwa makaranta, waɗannan kuwa ba sa cikin lissafin kowane shiri. Almajiran tsangaya, waɗanda gwamnonin Arewa suka riƙa mayarwa jihohinsu na asali a watannin Afrilu da Mayu, an raba su da malamansu ba tare da wani madadi ba.

Ta fuskar malamai, ana iya kasa su gida uku. Kashi na farko su ne 'yan ƙalilan da aka zaɓa su gabatar da darasi a rediyo ko talabijin. Waɗannan gogaggu ne a aji, amma sun tarar cewa magana da makirufo wata sana'a ce daban. Malamin da ya saba duban fuskokin yara ya gane ko sun fahimta, yanzu bango yake kallo. Wanda ya saba cewa "ku dubi allo" ya tarar mai sauraron rediyo ba shi da allon da zai duba. Darasin minti arba'in na aji, idan aka karanta shi yadda yake a rediyo, yaro kan gaji tun ba a yi nisa ba.

Kashi na biyu su ne malaman makarantun kuɗi da aka ce su koma intanet cikin 'yan kwanaki. Da yawansu sun koya ne a kan aiki, wasu daga 'ya'yansu, wasu daga abokan aiki matasa. Kuskuren da ya fi yawa shi ne ɗauko jadawalin makaranta gaba ɗaya a ɗora a kan na'ura, a ce yaro ya zauna sa'o'i yana kallon waya. Wasu kuma sun ɗauki hoton shafukan littafi sun tura, suka kira shi darasi. A ƙananan makarantun kuɗi kuwa, inda albashi ya dogara ga kuɗin makaranta, malamai da yawa sun shafe watanni ba a biya su ba, har wasu suka bar aikin.

Kashi na uku, wanda shi ne mafi rinjaye, su ne malaman makarantun gwamnati da ba a ba su wani aiki ba sam. Yaro ya saurari darasi a rediyo, amma babu wanda zai duba aikinsa ko ya amsa tambayarsa, alhali malaminsa na zaune a unguwa ɗaya da shi. Wannan ita ce babbar asara. Abin da karatun wasiƙa ya tanada tun zamanin Turawa, wato gyara daga malami, shi ne aka rasa a zamanin wayar salula.

An buɗe wa 'yan ajin ƙarshe makaranta ranar 4 ga Agusta, aka fara jarrabawar WAEC ranar 17 ga watan. Kwalejojin gwamnatin tarayya sun koma ranar 12 ga Oktoba, jihohi kuwa kowace da ranarta. Ke nan akasarin yara sun yi wata shida ko fiye ba su shiga aji ba.

6.0 HALIN DA MALAMIN HAUSA YA SHIGA

Malamin Hausa ya fuskanci duk waɗannan matsaloli, da ƙarin wasu nasa na kansa. Ta farko ita ce ta haruffa masu ƙugiya, wato ɓ, ɗ da ƙ, waɗanda suka shiga daidaitaccen rubutun Hausa tun shekarun 1930. Kafin 2020 akwai madannan Hausa da ake iya saukewa a waya kyauta, amma malamai da yawa ba su san da su ba. Sakamakon haka, malamin da ke jan kunnen ɗalibi a aji a kan ƙa'idojin rubutu, shi ne ya riƙa tura saƙo yana rubuta "kasa" a madadin "ƙasa", "bari" a madadin "ɓari", "kafa" a madadin "ƙafa". Ɗalibi kuwa abin da ya gani a rubutun malaminsa shi yake ɗauka daidai.

Ta biyu ita ce ta karin sauti da tsawon wasali, waɗanda rubutun yau da kullum ba ya nunawa. Kalmar "gari" da ake zama a cikinsa da "gari" na tuwo iri ɗaya ake rubuta su, kunne ne ke rarrabe su. Wannan ya fi shafar masu koyon Hausa a matsayin harshe na biyu a jihohin Kudu, inda malamin aji shi ne kaɗai Bahaushen da ɗalibi ke jin muryarsa. Da aka rufe makaranta, sai wannan murya ta yanke. Abin takaici shi ne, maganin yana cikin aljihun malamin: saƙon murya na minti biyu zai iya ɗaukar furucin kalmomi goma, ɗalibi ya maimaita ya turo, malami ya gyara masa.

Ta uku ita ce ƙarancin kayan karatu. Malamin Ingilishi ko na lissafi zai shiga intanet ya sami darussa shiryayyu, malamin Hausa kuwa sai ya ƙirƙiro nasa. Tsare-tsaren gaggawa ma sun fi karkata ga Ingilishi da lissafi da kimiyya. Amma Hausa tana da gatan da harsuna kaɗan ke da shi a Afirka: al'ummarta ma'abota rediyo ne, Sashen Hausa na BBC ma tun 1957 yake watsa shirye-shirye. Haka kuma adabin baka, irin su tatsuniya da kacici-kacici da karin magana da kirari, da ma don kunne aka yi su.

7.0 BAYAN ANNOBA

A watan Maris na 2022 Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya, tare da UNICEF da kamfanin Microsoft, ta ƙaddamar da dandalin koyo na intanet mai suna Nigeria Learning Passport, wanda ke ɗauke da darussa cikin Ingilishi da Hausa da Ibo da Yarbanci. A watan Nuwamba na 2022 gwamnati ta amince da manufar koyar da yaran firamare cikin harshen uwa, amma a Nuwamba na 2025 aka soke ta, aka mayar da Ingilishi harshen koyarwa. Duk yadda manufa ta juya, darasin 2020 yana nan: idan yaro ya koma gida, iyayensa ne mataimakan malami, kuma ba za su iya taimakawa da harshen da ba sa ji ba.

8.0 SHAWARWARI

i. A saka dabarun koyarwa daga nesa a cikin manhajar koyar da Hausa ta kwalejojin ilimi da jami'o'i. Kafin ɗalibi ya kammala, ya rubuta darasin rediyo na minti goma sha biyar, ya naɗe shi da muryarsa, ya kuma shirya takardar aikin gida da yaro zai iya bi shi kaɗai.

ii. A fara horo daga abin da ke hannun malami, wato waya. A koya masa saka madannan Hausa, naɗar murya, rage nauyin hoto domin tsimin data, da tafiyar da zauren WhatsApp na iyaye cikin tsari.

iii. A maye gurbin bitar kwana uku da horo mai ɗorewa a matakin makaranta, inda malamai za su riƙa haɗuwa suna gwada darussa a junansu, jami'an duba makarantu kuma suna bibiya.

iv. Masu tsara manhaja su ware, a kowane aji, batutuwan da ba makawa sai an koyar idan lokaci ya ƙure, su kuma nuna waɗanda suka dace da rediyo da waɗanda sai da takarda.

v. Duk shirin rediyo ko talabijin ya fayyace aikin malamin unguwa: raba takardu, karɓar aiki, gyarawa, da kiran iyaye. A kuma tanadar masa kuɗin kira da na data.

vi. A tattara darussan Hausa da aka naɗa a 2020 a gidajen rediyon jihohi, a tace su, a adana su inda kowane malami zai samu kyauta.

vii. A koya wa malamai kiyaye amanar yara a intanet, musamman hotunansu da lambobin wayar iyayensu.

9.0 KAMMALAWA

Wannan takarda ta nuna cewa koyarwa daga nesa tsohuwar aba ce a Nijeriya, ta faro daga wasiƙa, ta bi ta rediyo da talabijin, ta kai ga waya. Ta kuma nuna cewa a tsawon wannan tarihi an riƙa horar da malami daga nesa ba tare da an koya masa yin hakan ga ɗalibansa ba, abin da ya fito fili a shekarar 2020. Ba annoba kaɗai ke rufe makaranta ba. Ambaliyar 2022 da matsalar tsaro a wasu jihohi sun hana yara da yawa zuwa aji bayan korona ta lafa. Saboda haka horon da ake magana a kai bukata ce ta yau da kullum. Ya rage ga masu tsara manhaja da kwalejojin ilimi su shigar da shi cikin aikinsu tun makarantu suna buɗe.